Ranar Da Jirgi Ya Bar Kumandan

A Madarumfa, in kana son majalisa ta yi dariya ba tare da an ɓata wa kowa rai ba, sai ka tambaya wane ne mutum ɗaya tilo da kwalekwale ya taɓa tafiya ya bari a bakin tabki. Ba za a faɗi suna ba. Za a dai juya a dubi ƙofar gidan Alhaji Lawali, wanda duk gari ke kira Kumandan. Shi ya shirya tafiyar, shi ya ɗauki jirgin, shi ya kafa dokar, kuma a kansa dokar ta fara aiki. Ya dawo gida da magariba a kan amalanken jaki, bisa tulin ciyawa, sanye da rigar hana nitsewa.

Amma kada a yi gaggawar dariya. Babban mutum ne, kuma da girmansa ya kamata a fara.

Kumandan masanin teku ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ba ta da teku. Ya yi shekaru a Kwatano yana fito da kayan 'yan kasuwar Maraɗi daga por, wato tashar jiragen ruwa: shinkafa, taya, atamfa, tsofaffin motoci. Gaskiya ne aikinsa duk a kan tudu yake, tsakanin biron duwan, wato ofishin kwastan, da inuwar kamiyo, manyan motocin kaya. Gaskiya ne kuma ƙafarsa ba ta taɓa taka jirgi ba. Amma ya ga jirage da idonsa, ya shaƙi warinsu, iskar teku ta kaɗa masa babbar riga sau ba adadi. Da harkar ta tsaya ya dawo gida, sai ya dawo da teku a bakinsa. In ka ce masa rijiyar gidanka ta yi zurfi, zai yi maka murmushin tausayi. In aka kwana ana ruwa har katanga ta faɗi, zai ce, "Wanga ai yayyafi ne, don dai ba ku ga igiyar ruwa ba."

Cikin duk abin da ya gani a Kwatano, abu ɗaya ya zauna masa a rai. Wata safiya wani farin jirgi ya tsaya a por, ya fi duk wani benen Maraɗi tsawo, ba ya ɗauke da shinkafa ko taya, sai tsofaffin Turawa masu gajerun wanduna. Aikinsu kawai yawo. Jirgi ya kwana da su a teku, gari ya waye ya sauke su, su bi wani mutum mai 'yar tuta a hannu zuwa kallon tsofaffin gine-gine, su ɗauki hoto da bangon da ya rushe, su dawo kafin jirgi ya yi kuka. Wannan tsayawa ta yini ɗaya sunanta eskal, kuma Kumandan ya riƙe kalmar kamar gadonta ya yi. Ran nan wani tsoho da matarsa suka makara. Jirgi ya yi kuka ya ja da baya, su kuwa suna gudu a gaɓa da leda a hannu, suna ɗaga hula. Bai tsaya ba. Ma'aikatan por duk suka tausaya musu. Kumandan kaɗai ya tsaya baki buɗe don sha'awa. A ranar ya gano abin da ya hana Afirka ci gaba: muna jiran juna.

"Jirgi ba ya jiran kowa." Haka yake faɗa a wurin suna, a wurin ɗaurin aure, a layin mai ƙosai. Majalisar ƙofar masallaci ce ta laƙaba masa Kumandan don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu, kamar gwamnati ce ta ba shi. Har hula ya tanada, fara mai baki a gaba irin ta matuƙan jirgi, wadda yake sawa ranar da ya ga duniya na buƙatar shugabanci.

A gida ma an san darajarsa. Duk gardamar da ta tashi tsakaninsa da matarsa Hajiya Zulai, ko ta gishirin miya ce, da tambaya ɗaya take ƙarewa.

"Hajiya, kin taɓa ganin teku?"

"A'a, Alhaji."

"To."

Hajiya Zulai mace ce mai haƙuri da ke yin dariyarta a ciki. Takan ce "to" ita ma, ta ci gaba da abin da ta yi niyya.

Sai dai akwai abin da Kumandan ba ya faɗa wa majalisa. A Kwatano wayarsa tun asuba take kuka, manyan alhazai na lallashinsa. Tun da ya dawo sai ta yini a aljihu shiru kamar ta yi fushi, in ta yi ƙara kuwa kamfanin waya ne ke tallar kiredi, wato kuɗin kira. Ba mai neman shawararsa. Ba mai cewa a dakata sai Alhaji Lawali ya zo. Saboda haka da aka ce shugaban ƙungiyar 'ya'yan Madarumfa na gida da na waje ya sauka don tsufa, za a zaɓi sabo a taron da ake yi duk shekara lokacin babban hutun lekol, wato makarantar boko, sai Kumandan ya ji jininsa ya motsa. Kujerar ba ta da albashi. Amma shugaba shi ke zama gaba a taro, shi ke shiga wurin perefe, babban jami'in gwamnati na yankin, shi ake nema in baƙi sun zo gari. Yana son kujerar nan so na gaske, kuma ya tsayar da kansa da kansa don kada a wahalar da jama'a.

Abokiyar takararsa ita ce Hajiya Habiba, wadda ta yi shekaru tana shugabantar wata lekol a Yamai kafin ta ajiye aiki. Ba ita ta nema ba. Ta fita alwala ne a wani zama, ta dawo ta tarar an sa sunanta. Abin da ya fi muni, taubashiyarsa ce, ɗiyar gwaggonsa. Al'ada ta ba ta damar faɗa masa duk abin da ta ga dama, ta kuma hana shi fushi. Ita kaɗai ce a garin ba ta ce masa Kumandan. "Bawana" take ce masa, ko a gaban wa.

Wani ɗan takara da gida-gida zai bi yana gaisuwa. Kumandan ya fi ƙarfin wannan. Ya yanke shawarar shirya wa 'yan ƙungiya eskal irin na Turawa sak. Jirgi akwai: ga tabki, ga kwalekwalen Yahaya masunci, wanda ya fi kowane girma a bakin ruwa. Tsofaffin gine-gine ma akwai: a ƙetaren tabki akwai Kufan Maigizo, inda kakanninsu suka zauna kafin su taso. A bakin Kumandan, wannan kufai birni ne mai ganuwa da ƙofofi, Maigizo kuwa, kakan kakansa, jarumi ne da in ya yi tari dawakin abokan gaba sai su juya. Za a shiga jirgi da hantsi, a sauka, a bi tuta, a ga tarihi, a dawo da la'asar, a wuce gidansa inda rago ke jira a tukunya, a ɗaga hannu a yi zaɓe tun mamaki bai huce ba. Shi ya nace a sa zaɓen a yammacin ranar, ya kafa hujja da cewa 'yan Maraɗi na son komawa kafin duhu.

Kada a ce bai yi bincike ba. Ya yi. Da bazara ya hau babur ya zagaya ta tudu ya je kufan, lokacin ƙasa na fili kamar tafin hannu. Ya ga guntun ganuwa, ya ga ramukan da suka cike, ya ga tsingaro warwatse da kukoki uku, ya sa aka ɗauke shi hoto yana nuna su da yatsa. Da damina ta kankama ya je bakin tabki ya duba ruwa, ya ga ya cika har jirgi zai iya kaiwa gindin kufan. Kufai ya ci jarrabawa, ruwa ma ya ci. Abin da bai yi ba shi ne duba su biyun a wata ɗaya.

"Alhaji," in ji Hajiya Zulai tana tsintar shinkafa, "a watan ga fa kufai..."

"Hajiya, kin taɓa ganin teku?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Gidan bai sake hutawa ba. Aka yanka tsohon kallabin Hajiya, rawaya, aka ɗaura a kan sandar gora, tuta ta samu. Aka ajiye benci a tsakar gida, aka sa Hajiya da maƙwabta biyu koyon shiga jirgi da fita: ƙafar dama, sunkuya, zauna, ban da surutu. Aka raba kwalekwalen Yahaya gida biyu. Gaba, inda za a shimfiɗa darduma, wurin manya ne. Baya, inda ƙarnin kifi ya fi, wurin sauran jama'a. Daga ƙasan akwati kuma ya fito da dukiyar da ya adana tun Kwatano, rigar hana nitsewa ruwan lemo mai igiyoyi, wadda ake ce wa jile. Guda ɗaya ce. An yi dogon tunani a kan wanda ya fi cancanta ya sa ta, kuma sakamakon bai ba kowa mamaki ba.

Ranar ta zo da rana mai kyau da 'yan gizagizai. Aka taru a bakin tabki: malaman lekol, wani likitan dabbobi, 'yan kasuwa daga Maraɗi, matan Yamai da manyan mayafai, da Malam Al'amin wanda ke buɗe wa ƙungiya taro da addu'a. Dukkansu 'ya'yan manoma ne da suka yi wanka a ruwan nan tun ba su san wando ba. Kumandan ya hau wani kututture, jile a kan babbar riga, hula a ka, tuta a hannu, ya gabatar musu da tabkin.

"Jama'a, salamu alaikum. Abin da kuke gani gabanku, ruwa ne. Na san kun saba ganin shi, amma ba ku taɓa shigar shi bisa ƙa'ida ba. Yau za mu yi abin da ƙasashen da sunka ci gaba ke yi. Akwai jirgi, akwai eskal, akwai tuta. Inda tuta ta yi, nan za ku yi. Ba a tambaya sai na ce a yi tambaya. Wayoyinku duka a zuba su cikin bokitin ga a rufe, don ruwa ba shi da amana, ni na san shi. Ga tawa ma, shugaba shi ke fara ba da misali. Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba: da an ji kiran la'asar daga gari, jirgi ya tashi. Wanda ya makara, ya makara."

"To bawana," in ji Hajiya Habiba, "in tsohuwa ta zagaya bayan itace fa?"

"Sai ta yi haƙuri har gida."

Aka yi dariya, kuma dariyar ce ta ja masa. Ya ga ba a ɗauki maganar da nauyi ba. Ya juya ga Yahaya, wanda ke tsaye cikin ruwa har gwiwa yana riƙe da bakin jirgi.

"Yahaya, ka ji doka?"

"Na ji, Alhaji. In sha Allahu."

"In sha Allahun masunta na san ta. Rantse."

"Haba Alhaji, a kan tuƙin jirgi? A bar rantsuwa, abu ne mai nauyi."

"Don nauyin nata nike son ta. Rantse gaban Malam, da an kira la'asar za ka tura jirgi, ko wa ya rage."

Malam Al'amin ya yi gyaran murya ya ce shi bai ga buƙatar haka ba. Kumandan ya tambaye shi ko ya taɓa ganin teku. Malam ya ce ya gani ta tagar jirgin sama a hanyar Makka. Kumandan ya ce daga sama ba gani ba ne.

Yahaya ya dubi jama'a, ya dubi sama, ya ce, "Wallahi tallahi, da an kira la'asar zan tura jirgi, ko wa ya rage."

"Ko perefe ne."

"Ko perefe ne."

"Ko ni ne."

"Ko kai ne, Alhaji."

Kumandan ya waiwayi jama'a da fuskar mutumin da ya gama gyara Afirka tun kafin azahar.

Aka shiga jirgi. Kumandan ya tsaya ƙiƙam a gaba, hannu ɗaya a ƙugu, yana hangen nesa. Yahaya ya dafa gora ya tura. Kwalekwale ya yi 'yar girgizar da yake yi kullum, sai ga masanin teku zaune daɓas a kan darduma, hannu biyu riƙe da gefen jirgi. Daga nan har ƙetare bai sake tashi ba. Fuskarsa ta koma launin toka. Da Hajiya Habiba ta tambaye shi ko lafiya, ya ce nazarin zurfin ruwa yake yi. A baya kuwa, wurin sauran jama'a, ana ta raba dafaffiyar gyaɗa, ana nuna wa juna inda wane ya taɓa faɗawa ruwa da kayan sallarsa.

Jirgi ya daki gaɓa. Kumandan ya fita da rarrafe, ya miƙe, ya gyara hula, ya taka wani ɗan tudu, ya ɗaga tuta don ya nuna wa duniya birnin kakanninsa.

Dawa ce. Dawa dama, dawa hagu, kore shar, ta fi mutum tsawo ko da ya miƙa hannu, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa tun daga bayan tudun har inda ido ya ƙare. Kowane ɗan ƙauye ya san ba ƙasar da ta kai ta kufai ƙarfi, inda mutane da dabbobi suka zauna shekara da shekaru, kuma ba manomin da zai bar ta ta huta da damina don a zo a ɗauki hoto. Gonar ma ta gidansu ce. Ƙanensa ke noma ta, tuwon da Kumandan ke ci duk shekara daga nan yake fitowa. Bai dai taɓa tambayar tuwo daga ina yake ba.

Da ƙaramin mutum ne, da ya ji kunya. Kumandan ya yi gyaran murya ya fuskanci dawa.

"Abin da kuke gani nan, ko in ce abin da za ku gani, shi ne Birnin Maigizo. Nan dama, bayan wanga ganye, ƙofar gabas ce. Can inda tsuntsun can ya sauka, fada ce. Ganuwa kuwa, doki biyu na tafiya bisanta ba su gogi juna ba. Turawa na ƙetaro teku don abin da bai kai wanga ba. Ku bi tuta."

Ba wanda ya motsa. Ba taurin kai ba ne. Dawa ta yi ciki, kuma duk wanda aka haifa a gidan noma ƙafarsa ba ta yarda ta shiga gonar mutum da taro a irin wannan lokaci. Likitan dabbobi ya ce ubansa ya taɓa zane shi a kan haka, har yau in ya ga dawa, wurin da bulala ta sauka sai ya motsa. Matan Yamai suka shimfiɗa tabarmi a kan tudun, a inuwar wata tsamiya, suka tuɓe takalma.

"To, ku dakata nan," in ji Kumandan. "Ni zan shiga in gano hanya. In na isa gindin kuka zan ɗaga tuta, sai ku biyo ta kan iyaka ɗaya bayan ɗaya."

"Alhaji, kukokin fa uku ne," in ji Hajiya Zulai.

Ya buɗe baki zai yi tambayar da aka sani, sai ya ga ba lokaci. Ya kutsa.

An ga tuta tana tafe a saman dawa, rawaya, cike da ƙwarin gwiwa. Ta yi gabas. Ta tsaya. Ta yi kudu. Ta dawo gabas kamar ta manta wani abu. Daga nan ta yi ƙasa, ba a sake ganin ta ba.

Aka yi azahar, aka buɗe kwanukan soyayyen kifi. Can wani ɗan kasuwa ya ce shi dai ya so ya ga ganuwar nan ko da guntu ne. Hajiya Habiba ta daki ƙasar da take zaune a kai da tafin hannu.

"Ga ta nan ƙarƙashinka, Alhaji. Tun ɗazu bisanta kake cin kifi."

Aka tashi ana dubawa. Tudun dogo ne, siriri, ya ɗan lanƙwasa, jar ƙasa mai tauri da tsingaro a cikinta. Kumandan ta tudu ya zo da bazara, bai taɓa ganin ta daga ruwa ba, don haka ya tsaya a kanta ya yi jawabi, ya sauka ya tafi neman ta.

Aka kewaye Hajiya Habiba. Ta ce ita dai abin da kakarsu ta faɗa musu ta sani, lokacin da take kawo su nan tsinkar tafasa suna yara. Maigizo marini ne. Ramukan nan na rini ne, hannunsa shuɗi ne har gwiwa, in ya ci tuwo da mutane sai a gane gefensa. "Doki kuwa bai taɓa hawa ba, jaki ma sai an riƙe mashi." Sun tashi daga nan ne a wata shekara da ruwa ya ci rumbuna, sauro ya ƙarasa sauran haƙurin. Kafin su tafi, matan garin suka fasa tukwanen da ba za su iya ɗauka ba, suna kuka suna fasawa. Kowa ya sunkuya ya ɗauki tsingaro yana juyawa a hannu, wata ta sami mai zanen yatsa a baki ta ƙulle a bakin mayafi. Malaman lekol suka ce lallai a kawo ɗalibai da rani, in an girbe.

Suna cikin haka gabas ta fara haɗa hadari. Sai iska ta kawo kiran salla daga gari, siriri, a kan ruwa. Yahaya ya tashi ya ɗauki gora kamar wanda za a kai gaban alƙali.

Aka yi ta ƙwala kira. "Kumandan! Alhaji Lawali!" Dawa ta kaɗa kai. Wani ya ce a buga masa waya. Aka buɗe bokiti aka buga, wayarsa ta amsa daga cikin bokitin.

"Malam," in ji Yahaya, "in na jira shi fa?"

"Sai kaffara. Ka ciyar da miskinai goma ko ka tufatar da su. In ba hali, azumi uku."

"Miskinai goma ina da su a gida, Malam, su ma ban gama da su ba. Azumi kuwa, ga damina, ga tuƙi..."

Jama'a ta rabu biyu, masu cewa a jira da masu duban hadari. A ƙarshe duk ido ya koma kan Hajiya Zulai. Ta dubi gabas, ta dubi tsofaffin da za a tsallakar da ruwa, ta dubi dawa.

"Tura, Yahaya. In kunka jira shi, zai ce kun ɓata mashi tsari, mu shekara muna jin labarin Kwatano. Kai dai ka rantse za ka tashi, ba ka rantse ba za ka dawo ba. Ka sauke mu ka komo ka ɗauke shi."

Ta ajiye masa kifi a kwano da buta a kan ganuwar kakansa, ta rufe da faifai, ta ɗora dutse.

Shi kuwa Kumandan a lokacin ya riga ya ziyarci kuka biyu, ɗayar sau biyu. Ganyen dawa ya yanyanka masa wuya. Ƙaiƙayi ya shiga ƙarƙashin jile, inda hannu ba ya kai. Takalmi ɗaya ya zauna a taɓo ya ce shi nan ya iso. Tuta ta zama sandar dogarawa. Ya ji kiran salla sarai, kuma karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya yi fatan ladan ya yi kuskure. Ya bi sautin har ya faɗo bakin ruwa, can nesa da inda aka sauka, daidai lokacin da kwalekwale ke tsakiyar tabki.

Masu jirgi sun hango shi. Wani abu ruwan lemo na gudu a gaɓa yana ɗingishi, yana kaɗa kallabi a kan sanda, yana cire hula yana ɗagawa. Hajiya Zulai ta yi ta nuna masa da hannu ya zauna, za a dawo. Shi kuwa ya ɗauka bankwana take masa. Hajiya Habiba ma ta ɗaga hannu, ita kam bankwanar take yi.

Da ya zauna, da Yahaya ya same shi. Amma zaɓe na can, rago na can, kuma babban mutum ba ya zama a bakin ruwa kamar kayan wanki. Ya kama hanyar tudu da ƙafa zai zagaye tabki. Ruwa ya sauko. A nan jile ta nuna amfaninta, don duk tsawon hanyar bai nitse ba ko kaɗan. Da ruwa ya tsagaita Yahaya ya koma ƙetare kamar yadda aka ce masa, ya tarar da kwano a rufe, ya yi kira, ya jira, ya ci kifin don kada ya lalace, ya dawo.

Wani dattijo mai amalanke da ya yanko ciyawa ne ya tsinci Kumandan a hanya. Ya ja linzamin jaki, ya dube shi tun daga hula har ƙafar da ba takalmi.

"Bawan Allah, hatsari kunka yi?"

"Eskal ne."

"Allah ya sawwaƙe," in ji dattijo. "Hau."

A gidan Kumandan an jira, don mutanen Madarumfa ba su kai Turawa ci gaba ba. An jira har romo ya fara daskarewa, 'yan Maraɗi suka fara duban sama. Daga bisani Malam Al'amin ya tuna wa jama'a cewa mai gidan da bakinsa ya ce zaɓe ba zai wuce yammacin nan ba. Aka ɗaga hannu. Waɗanda suka ci kifi a kan ganuwa sun tuna wadda ta nuna musu ita, kujera ta tafi wurin Hajiya Habiba. Hajiya Zulai ta ɗaga wa mijinta hannu sama sosai, har da ludayi. Hajiya Habiba ma shi ta ɗaga wa, ta ce ba za ta bari a ce bawanta ya tashi da hannu ɗaya ba.

Ana shafa fatiha jaki ya tsaya a ƙofar gida. Kumandan ya sauko daga kan ciyawa, ya shigo a jiƙe, ya dubi fuskoki ya gane. Ya je gaban taubashiyarsa ya ce, "Allah ya taya riƙo." Ya zauna a bakin tabarma, Hajiya Zulai ta kwance masa igiyoyin jile, waɗanda ruwa ya sa suka ƙulle, ta kawo masa kason da ta ɓoye masa. Ya ci, ya wanke hannu. Maƙwabta sun ce ba su taɓa jin gidan ya yi shiru irin na yammacin nan ba, har abin ya ba su tsoro.

Tsoron bai daɗe ba. Kafin a yi girbi Kumandan ya dawo majalisa da hularsa, teku ma ya dawo da shi. Ran nan Hajiya Habiba ta biyo ta ƙofar masallaci za ta wurin perefe, ta tsaya ta gaida dattawa, ta dube shi.

"Bawana, ina gajiyar teku? Da rani za mu kai 'yan lekol kufai, amma da amalanke za mu, tun da kai ka san hanyar. Ko in sa a ɗaure ka jikin jaki, kada shi ma ya tafi ya bar ka?"

Majalisa ta kwashe da dariya, har ladan na share hawaye. Kumandan ya bari suka gama. Ya gyara zaman hula, ya dube su ɗaya bayan ɗaya da tausayi.

"Ku yi dariyarku. Tun da Allah ya yi tabkin ga, jirgi ɗaya tak ya taɓa tashi kan lokaci, kuma ni na shirya shi. Mutum ɗaya ne ya makara, anka bar shi, ba a dubi girman shi ba. Haka ake gyara ƙasa."